Hular Kwanon Dontrell

Bascomb, Mississippi
Oktoba, 1994

Zuwa ga ƙawata Mozelle,

Gaisuwa ce cike da kewa, da fatan ke da Wendell da jikoki kuna lafiya, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta miki. Ya sanyin Detroit? Mu nan lafiya lau, godiya ga Ubangiji. Yayanmu Cleon yana nan a wurina, yana cin abincinsa, yana zama a baranda. Wata rana ya gane ni, wata rana ya kira ni Mama.

Wasiƙarki ta iso da hoton da kika yanko a jarida. Har da tambaya wai ko wannan mai tumbi da usur a wuya ƙanena Lucius ne! Shi ne mana, Ɗan Gyaɗa, wanda kike kifa wa kwandon wanki a ka yana tsala ihu. Yanzu Koci Tillery ake ce masa, babban kocin ƙwallon Amurka, wadda ake jefawa da hannu ana sanye da hular kwano, na Kwalejin Bascomb. Ƙartin samari da ko ƙofar gidana ba za ta wuce da su ba, yana magana suna "to, yallaɓai".

Kin bar garin nan yana sakandare, don haka sai kin ji labari, kin so ko kin ƙi. Kin san a gidanmu Cleon aka ba jiki, shi kuwa aka ba shi kai da taurin kai. Babu kwalejin da ta neme shi. Da ƙafarsa ya je ya roƙa a bar shi ya shiga atisaye, shekara huɗu manya suna gwada ƙarfinsu a kansa, ranar wasa kuma yana benci. Mama ta ce ya bari tun ba a kawo mata shi a buhu ba, ya ce ai a bencin yake karatunsa. Ashe da gaskiyarsa. Da ya gama ya samu koyarwa a wata sakandare ta ƙauye. Da asuba ya tuƙa bas ɗin makaranta, da rana ya koyar da tarihi, da yamma ya horar da yara, shi ne kuma mai ja wa fili layi da farar ƙasa. Daga nan kwalejoji suka fara ɗaukarsa mataimaki, yau Arkansas, gobe Texas, jibi Louisiana. 'Ya'yansa uku kowanne da jihar da aka haife shi. Matarsa Loretta dai sai dai Allah Ya saka mata.

Ranar da aka dawo da shi gida aka naɗa shi, na sa hulata ta bikin Ista na zauna a layin gaba. Ihun da na yi sai da shugaban kwaleji ya dakata da jawabi. Ban ji kunya ba, kuma har yau ban ji ba.

Sai dai ba duka ne daɗi ba. Shekarar farko ya yi abin kirki, bara aka sha kashi, bana kuma yau ci gobe faɗuwa. Kin san halin mutanenmu, da an faɗi wasa ran Asabar, safiyar Lahadi koci zai tarar an kafa masa allon "Gida na sayarwa" a ƙofar gida. Ni ke zuwa in tuge su, katakon na yi min amfani a lambun tumatir. Babban mai hura wutar shi ne Purvis Hambrick mai sayar da motoci, wanda tun da ya saya wa ƙungiyar riguna yake ganin har kocin ya haɗa ya saya. Ya faɗa a gaban mutane cewa in Lucius bai doke kwalejin Merriwood a wasan ƙarshe ba, ya tattara nasa ya nasa. Shugaban kwaleji yana wurin bai ce uffan ba, kin ga kuwa magana ta tabbata.

Amma muna da Dontrell Gaskins, mai jefa mana ƙwallo. Mozelle, yaron nan hannunsa ba na mutane ba ne. Shekararsa ta ƙarshe ke nan, an ce har masu neman 'yan wasa daga manyan kulob za su zo kallonsa ranar. Ki sa mu a addu'a, ki kuma daina cewa ƙanena yana da tumbi, rigar ce ta yi masa kaɗan.

Ki gai da Wendell, ki shafa min kan jikoki.

Taki har kullum,
Earline

Bascomb
Nuwamba, 1994

Mozelle ƙawata,

Ina gaishe ki, ina gai da mutanen gida, da fatan kun yi bikin godiya lafiya. Mu lafiyar jiki dai akwai ta. Merriwood ta cinye mu, gara in faɗa miki tun daga sama.

Filin ya cika ya batse, 'yan badujala suna ta yi, hayaƙin gashin haƙarƙari ya rufe wajen ajiye motoci. Dontrell ya fara wasa kamar a mafarki, kafin hutun rabin lokaci mun ba su ratar maki goma. Ana dab da hutu wani ƙato ya zo ta bayansa ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. Daga inda nake zaune na ji ƙarar kansa. Ya ɗan jima a kwance, sannan ya miƙe ya ɗaga wa jama'a hannu, fili ya ɗauki sowa. Mai duba lafiyar 'yan wasa ya nuna masa yatsu, ya tambaye shi sunansa, ya amsa daidai, aka ce ɗan jiri ne, zai iya komawa.

Da aka dawo daga hutu sai ga Lucius ya fito da hular kwanon Dontrell a hammata. Kin san doka, ba hula ba shiga fili. Da fari na ɗauka madaurinta ne ya tsinke. Sai na ga an tura wani ɗan aji ɗaya a madadinsa, shi kuma Dontrell yana bin Lucius sama da ƙasa a bakin layi, yana roƙo, yana kuka, yana miƙa hannu. Ya je zai karɓi hular abokinsa, Lucius ya ce duk wanda ya ara masa ya cire riga ya tafi gida. Haka Lucius ya riƙe hular Dontrell har aka tashi, da hannu ɗaya yake ba da umarni.

Ban taɓa jin zagi irin na ranar ba. Hambrick ya sauko har bakin shingen waya yana kumfar baki. Mahaifiyar yaron, Bernadine Gaskins, tana bayana kaɗan tana ihu har muryarta ta dishe: "Ba shi hularsa! Ɗana ne, ba naka ba!" Masu neman 'yan wasan nan da suka ga ba zai dawo ba suka kakkaɓe wando suka tafi, a kan idonta. Wani sakarai ya jefi Lucius da kofin lemo, na juya na ce masa in ya sake sai na sa ya haɗiye kofin. Dikon ne ma, cikin dattawan cocinmu, kuma ban janye ba. Ɗan aji ɗayan ya yi iya yinsa, amma sau biyu yana jefa wa 'yan Merriwood ƙwallo a hannu. Da maki huɗu suka wuce mu.

Ni kaina na ji haushinsa, ba zan ɓoye miki ba. Yau Lahadi bayan coci na same shi a kicin ɗina na ce, kai Ɗan Gyaɗa, shekara ashirin kana bin aikin nan, ka sa hannu ka zubar? Ya ce a ɗakin canza kaya yaron ya tambaye shi wa ke ci, ya faɗa masa. Ya ɗaura takalmi ya sake tambaya. Ya sha ruwa ya sake tambaya, yana murmushi. Ya ce, "Yaya Earline, muryar Cleon na ji."

Ke ma kina wurin a wancan wasan da Cleon ya buga shekarun baya, kina cikin masu yi masa waƙa. An buge shi, aka shaƙa masa magani aka mayar da shi, ya ci mana wasa, gari ya ɗauke shi a kafaɗa. Da muka zauna cin abinci ya yi ta tambayar Mama wa ya ci, kowa ya ɗauka zolaya ce. Lucius yana ɗan shekara goma a ƙarshen tebur, ashe shi yana kallo. Sati na zagayowa aka sake sa Cleon a fili, aka sake buge shi, sauran kuma kin sani. Mutumin da 'yan matan gari ke faɗa a kansa, har da wata da ba zan kama suna ba, yau ni ke ɗaura masa igiyar takalmi.

Na ɗauko faranti. Na zuba masa tarwaɗa da burodin masara, na ƙara masa, na sake ƙara masa. Mozelle, na yi alfahari da shi ranar naɗi, amma wannan ya fi.

Gobe Litinin shugaban kwaleji ya kira shi ofis. Ba sai an buga ƙasa ba.

Ki gai da kowa.

Taki,
Earline

Bascomb
Janairu, 1995

Ƙawata ta kaina,

Barka da sabuwar shekara, Allah Ya sa mun shiga a sa'a. Ya jikin Wendell, tarin ya sake shi? Na ga safar da kika saƙa wa Cleon, ya ƙi cire ta ko da zai yi wanka. Na karanta masa sunanki ya yi murmushi, ban dai san ko ya gane ba.

An sallami Lucius, kamar yadda kika zata. Shugaban ya gode masa da kalmomi masu daɗi, ya ce ya bar makulli wajen sakatariya. Likitan da ya duba Dontrell daga baya ya ce bai ga komai a hoto ba, wataƙila da an mayar da shi lafiya zai gama, wataƙila kuma a'a. Gari ya riƙe rabin farko na maganar ya watsar da na biyu. A coci mutanen da ke rububin gaisawa da shi sun koma karatun littafin waƙoƙi in ya wuce. Babu kulob ɗin da ya kira Dontrell, kuma tun ranar bai yi wa Lucius magana ba. Wannan ya fi korar ci masa rai.

Ya samu aiki, mataimaki kuma, a wata ƙaramar kwaleji a North Dakota. Na duba taswira, Mozelle, ya wuce ku ma! Mutum ya kai babban koci ya koma riƙe wa wani allo yana da furfura. Shi ko a jikinsa, wai yaran can ma suna bukatar wanda zai koya musu tare abokin karawa.

Jiya Asabar muna gidansa ni da Loretta muna ɗaure kaya, sai ga mota ta tsaya. Na leƙa na ga Bernadine Gaskins. Na ajiye abin da ke hannuna na tare ƙofa, don na rantse in zagi ta kawo da ni za ta yi. Ta ce ba wurina ta zo ba. Lucius ya fito da ƙura a gashi, ya ce ta shigo ta zauna, ta ce a tsaye ma ya isa.

Ta ce masa, "Koci, ban yafe maka ba. Wataƙila ba zan taɓa yafewa ba." Ya ce ya sani. Ta murza madaurin jaka, sannan ta ce ranar Kirsimeti kawunnan Dontrell suna ta yabon jifan da ya yi kafin hutu, yana ta dariya da su. Da suka watse ya bi ta kicin ya ce ta ba shi labarin wasan. Bai tuna jifan ba, bai tuna shiga filin ba, ko karin kumallon da ta dafa masa da safen bai tuna ba.

Kin san yadda abin yake. Duk hunturu kociyoyi ne ke bin gidaje da kwat da murmushi, suna cin abincin iyaye mata, suna roƙon a ba su yara. Uwa ba ta bin koci. To, sai ta ce tana da ƙaramin ɗa, Marquell, bana zai gama sakandare, ya fi Dontrell tsayi, manyan jami'o'i uku sun riga sun zauna a falonta. Ta ce ya faɗa mata sunan wannan wuri mai sanyi da zai tafi.

Ƙanen nan nawa, maimakon ya yi godiya, sai ya shiga kushe kayansa. Wai shi mataimaki ne kawai, makarantar ƙarama ce, ba a nuna su a talabijin, ƙanƙara har gwiwa. Saura kaɗan in make shi. Ta ce, "Ban tambaye ka ƙanƙara ba. Su ukun duk sun yi min alkawarin yaron zai buga kowane wasa. Gobe bayan coci ka zo gidana, kuma ka zo da yunwa." Ta juya ta shiga motarta, ko sallama ba ta yi min ba.

Lucius ya zauna a kan kwali ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Na bar shi ya yi mai isarsa, ni ma ina goge nawa hawayen da gefen riga. Da ya ɗago sai ya tambayi Loretta a wane kwali ta sa kwat ɗinsa. Ba ta tuna ba. Duk abin da muka wuni muna ɗaurewa sai da muka kwance shi kafin muka samo ta, can ƙarƙashin labule, duk ta yamutse.

Zan tsaya nan, dutsen guga ya yi zafi, kuma ba zan bari ya shiga gidan matar nan da kwat a yamutse ba. Ki gai da Wendell da yara.

Taki, yayar Koci Tillery,
Earline