Gungun Baba Yana Ƙarƙashin Ruwa

Gwaggo Hajo,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya ƙafar taki, ya mutan gida da Yawuri baki ɗaya? Mu nan Dagenham, ƙasar Turawa, sai godiya, amma jikin Baba ya ƙi daɗi.

Tun da mantuwar nan ta kama shi sai yarensa na gado, Gunganci, yake yi, kuma duk gidan ba mai ji. Abu ɗaya yake nanata mini da Hausa: a mai da shi gungunsu, tsibirin da aka binne cibiyarsa.

Na je wani laburare a Bloomsbury na tono tsohuwar taswira, na ga gungun kamar ƙwayar gero a tsakiyar kogin Kwara. A sabuwar taswira kuwa ruwan madatsar Kainji ya shafe wurin. Gwaggo, ashe tun yana saurayi gungun ya nutse, bai taɓa gaya mana ba? Jiya ya sa hularsa ya zauna bakin ƙofa, wai kwalekwale yake jira.

Ki gaida Kawu Sani da yara, a sa mu a addu'a. Don Allah ki sa a ɗauki muryarki da Gunganci a turo mini, ko ya ji kamar ya isa gida.

’Yarki,
Rakiya