Kaskon Mahaifiyarku

Da sunan Allah. Ni mahaifinku ne nake wannan rubutu da hannuna, hankalina garau, ba wanda ya tsaya a kaina. Ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, likita kuma ya daina haɗa ido da ni. Na gane. Ku ukun nan nake wa magana: Yaya Babba, Ɗan'uwa, da Auta.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda Allah ya ce. Keken ɗinkina kuwa na ba Ɗan'uwa tun bara, ko da yake har yau bai iya zura zare a allura ba. Ya riƙe shi dai, ya riƙa zuba masa mai.

Na biyu. Kaskon baƙin ƙarfen nan da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin. Shekara talatin da huɗu mahaifiyarku tana suya a cikinsa, har cikinsa ya yi baƙi sumul, ƙwai yana zamewa a kai ba ya kamawa. Kun san dokarta. Ba a jiƙa shi, ba a sa masa soson ƙarfe. A goge shi da gishiri da tsumma tun yana da ɗumi, a ɗauraye, a ɗora a wuta ya bushe ƙayau, a shafa masa mai kaɗan, sannan a rataye. Ni kaina sau biyu tana korata daga kicin a kansa.

Na uku, kuma shi ne dalilin takardar nan. Yaya Babba, shekara shida ke nan ba ki taka gidan ƙanwarki ba. Ta haihu sau biyu, sai dai ki aika Ɗan'uwa da kaya. Duk saboda ranar da kika shigo gidan nan kika tarar da ita tsugune ta kankare kaskon nan har ya yi fari, kika ce ta goge hannun uwarku daga duniya tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba.

Ba laifinta ba ne. Nawa ne.

Bayan rasuwar da mako uku na ce bari in soya wa kaina ƙwai. Na tsaya ina kallon taga har ya ƙone. Na zuba ruwa a kaskon, na tura shi ƙarƙashin tebur, don ba na iya kallonsa. Kwana tara yana nan. Da Auta ta zo duba ni ta jawo shi, tsatsa ta cinye shi jawur. Ta zauna da soson ƙarfe har yatsunta suka fashe, tana ceto abin da ya rage. Lokacin da kike mata faɗa, ina zaune a bakin ƙofa. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Kunya ce ta kama ni, da tsoron kada ki dube ni yadda kika dube ta. Na ce gobe zan faɗa, goben nan ta zama shekara shida. Wannan abu ya ci mini rai fiye da ciwon da ke jikina.

Auta, kin rufa wa ubanki asiri, ya bar ki da kaya a ka. Ki yafe mini.

Na huɗu. Tun daga ranar kullum sai na yi suya a cikinsa, ko ba na jin yunwa, ko da likita ya hana ni maiƙo. Baƙin ya dawo. Bai kai na mahaifiyarku ba, kuma gefen hagu har yanzu yana kama ƙwai, amma ya dawo.

Na biyar. Kaskon na Auta ne, na ba ta tun ina raye, Ɗan'uwa shaida ne. Amma Yaya Babba ce za ta sauke shi daga ƙusa ta kai mata har gida, da ƙafarta. Ɗan'uwa, ko ta roƙe ka kada ka karɓa, ka gaji da zama ɗan aike. Yaya, ke kaɗai kika ga yadda uwarku take juya tsumma a cikinsa. Ki nuna wa ƙanwarki, ku ci abin da kuka soya tare. In fushi ya zama dole, ga mai laifi nan, ki yi da ni.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuriyarku, ya jiƙan mahaifiyarku. Ku riƙe juna, don ba ku da kowa bayanmu sai junanku.

Yau da safe na shafa masa mai na rataye, kuma ba na jin zan sake iya ɗaga shi. Kicin ɗin nan yana da laima. Man zai riƙe shi wata ɗaya, ba zai wuce haka ba.

Mahaifinku.