Wutsiyar Tsintsiya na nan a shago

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Allah ya raya su, ya kare ku a inda kuke. Mu nan lafiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida ba sanda. Kawu yana nan yana kira na likitar marasa baki, wai na zaɓi marasa lafiyar da ba za su kai ƙara ta ba. Na rubuto da hannu ne saboda na gaji da yi miki magana a waya ki amsa mini da hoton zuciya.

“Yaya, ke da allura, ni da gashi. Muddin ina numfashi ba za ki taɓa saƙa gashin dokin da kika kwantar har abada da hannunki ba.” Kin tuna bakin da ya faɗi wannan? A kan tsani kike, kina kafa allon shagonmu, da ƙusa a bakinki. A kan wannan magana na yarda muka buɗe. Ranar tsere ina fili a matsayin likitar dawakai, sauran ranaku ina shago muna saƙa awarwaro da igiyar agogo da gashin wutsiya, don masu doki su sami abin tunawa. Na dawakai masu rai nawa ne, na matattu naki. Sai kika ce za ki je ki koyo ƙirar azurfa don mu daina sayen maɓalli a waje, kuma kafin a rufe tseren bara kin dawo. An rufe, an share fili, ciyawa ta sake fitowa. Yanzu ina ji a bakin Inna cewa kin kama aiki a shagon malaminki. Ko ƙarfin halin gaya mini ba ki yi ba.

Bari in gaya miki abin da kika bar mini. Kin san Tsintsiya, baƙar goɗiyar nan ta tsohon direban jirgin ƙasa, wadda wutsiyarta ke share ƙasa. Ni na karɓi haihuwarta. A tseren ƙarshe ta karya ƙafar gaba a kwanar ƙarshe, ba ta ma san ta karye ba, ta ci gaba da gudu a kan uku. Da na isa an riga an ja koren tamfol ɗin da ake kare mu da shi daga idon 'yan kallo. Ta sa hanci cikin aljihuna tana neman sukari, kamar kullum. Aljihun da allurar take. Na yi abin da ya wajaba, kuma in yau aka sake zan sake, ba wannan ke damuna ba. Bayan ta yi shiru sai tsohon ya miƙo mini almakashi in yanke wutsiyar, ya ce gara da ni ce, ya ce yana son igiyar agogo, kuma ba inda zai kai sai shagonmu.

Gashin na nan a aljihun teburinki, na wanke, na taje, na ɗaure. Duk lokacin da na zauna na raba silin, sai yatsuna su tsaya. Ni da nake ɗinke jijiya ba rawar hannu. Na wanke gashin da sabulu iri-iri amma ina jin warin guminta. Na cire koren zanen da kika shimfiɗa a teburin yankan gashi, don da rana tsaka in na juyo sai in ga kamar akwai abu kwance a bayansa. Telan da ke maƙwabtaka da mu in ya taka kekensa, sawun doki nake ji, kuma kullum ƙafa ɗaya ba ta sauka. Na karanta duk abin da masana suka rubuta kan kwantar da dabba, awon magani da jijiya da yadda ake yi wa mai ita magana. Babu wanda ya faɗi abin da mutum zai yi da hannunsa washegari.

Tsohon kuwa duk mako sai ya zo. Ba ya tambaya. Ya zauna a kujerarki, ya ce yana wucewa ne, ya ajiye agogon a tebur ba igiya, ya duba shi, ya mayar aljihu. Wancan makon ya ce ko Auta ta kusa, don ya lura hannun likita ya gaji. Shi ya lura, Auta. Ke da muka sha nono ɗaya kina aiko mini hoton zobban azurfa.

Kada ki ce in ɗauki ma'aikaciya. Ba ƙarin hannu nake nema ba. Na yarda da shagon nan ne don akwai mutum ɗaya da za ta karɓi abin daga hannuna ba sai na yi bayani ba.

Ana buɗe tseren bana Asabar ta farko a watan gobe, kuma za a sake jan tamfol, ko ba ranar ba wata rana. In kin zo kafin nan, ko na mako ɗaya ne, kika saƙa wa tsohon nan igiyarsa, sai mu zauna mu yi maganar sauran. In ba ki zo ba, washegari Lahadi zan kai masa gashin Tsintsiya har gida yadda yake, in ba shi haƙuri. Daga nan in hau tsani in cire allon, in mayar wa mai gida makullinsa. Allura zan ci gaba da riƙewa, don ita ba wanda ya taɓa cewa zai karɓar mini.

Inna na gaishe ki, Kawu ma, da Gwaggo mai awaki. Ki gaishe mini da maigidanki, ki shafa mini kan 'yan biyu. Kujerarki ban matsar da ita ba tukuna.

Yayarki