Libarbar Baba

Setapak, Kuala Lumpur

Yaya Datti,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara. Mu ma lafiya lau, karatu na ta tafiya.

Na yi wani aboki a nan, dattijo ne, Pak Hisham. Tsohon ɗan sanda ne, gidansa na Titiwangsa. A masallaci muka saba. Sha'awarsa tara tsofaffin libarba na 'yan sanda, waɗannan ƙananan bindigogi masu juyawa. Ya nuna min su cikin kabad ɗin gilashi, duk an toshe bakinsu, ya ce yana da lasisi. A cewarsa darajar libarba tana ga tambarin rundunar da ke jikinta, da ƙotar asali, da lambobin da suka dace da juna.

Hira ta kai na ba shi labarin ta Baba, ta zamanin da yake ɗan doka. Yaya, har miƙewa ya yi tsaye. Ya ce bai taɓa ganin mai tambarin En'e ba. Don Allah ka ɗauko min hoton tambarin da lambar.

A gaida Hajiya.
Ƙaninka, Maitama

*

Yaya Datti,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ka yafe min rubuto maka ba da sanin mijina Maitama, Abban Zuhra, ba, hankalina ne ya ƙi kwanciya.

Mutumin nan, Pak Hisham, ya fara zuwa gidanmu. Yana kawo wa 'yarmu Zuhra alewa, yana koya mata yaren Malay, amma tambayoyinsa ba sa min daɗi. Wa zai je gida hutu? Yaushe zai dawo? Rannan ina kicin na ji yana cewa libarba in an kwance ta gunduwa-gunduwa, ba a bambanta ta da kayan gyaran mota. Abban Zuhra dariya ya yi, ya ce wasa ne. Ni ban ji alamar wasa a muryarsa ba. Mutumin ya kuma karɓi lambar Al-Amin, ɗalibin da ke maƙwabtaka da mu, wanda zai je Kano da Sallah.

Ƙasar nan ba a wasa da zancen bindiga. Ka yi masa magana, kai yake ji.

Ƙanwarka, Juwairiyya

*

Kano

Maitama,

Wa alaikumus salam. Hajiya tana amsawa.

Ba zan aiko hoto ba. Baba bai mayar da bindigar nan ba lokacin da ya bar aiki, kuma ka san shi ya sa ba a zancenta ko a cikin gida. Yanzu ka kai labarinta wata ƙasa, ga ɗan sanda.

Ka amsa min wannan. Ka ga lasisin da idonka? Ka taɓa haɗuwa da wani da ya san shi yana aikin? Wa ya fara yi wa wani magana a masallacin, kai ko shi?

Wassalam.
Datti

*

Yaya,

Barka da war haka. Na san inda ka ji, kuma mun yi magana da Juwairiyya. Raina ya ɓaci, domin dattijon nan ya karrama ni fiye da wasu 'yan ƙasarmu.

Amma tambayoyinka sun hana ni sukuni. Shi ya fara yi min magana. Da na nemi ganin lasisin ya ce yana wurin ɗansa. Na tambayi liman, ya ce bai daɗe da fara ganinsa a sahu ba. Da na ce masa hoton ba zai samu ba bai ji haushi ba. Murmushi ya yi ya ce, "Boleh, boleh," wato ba damuwa a yarensu, "akwai wata hanya."

Me yake nufi?

Maitama

*

Maitama,

Sallama. Ranar Talata wani saurayi ya zo gida ba na nan. Ya gaya wa Hajiya kai ka aiko shi ya duba kayan Baba. Allah ya sa ta ce ya jira ni. Bai jira ba.

Washegari na tafi da lauya na miƙa libarbar ga hukuma. Hajiya ta yi kuka, ita ce abin Baba na ƙarshe da ke ɗakinta. Ban gaya mata dalilin ba.

Ku bar unguwar nan. Ka gargaɗi Al-Amin kada ya karɓi saƙon kowa.

Datti

*

Taman Melati

Yaya Datti,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun tashi, kuma mun canza layin waya.

Jiya mun shiga shagon mamak, wato wurin shayi da abinci, da ke ƙasan sabon gidan, sai ga Pak Hisham zaune da shayinsa. Ya ɗaga wa Zuhra hannu, ta ruga wurinsa kafin in riƙe ta. Bai tambayi bindiga ba. Ya ce kawai a gaida Datti, a ce masa wai ya yi gaggawa da ya miƙa ta ga hukuma.

Abban Zuhra ya rantse min bai taɓa faɗa masa sunanka ba.

Ku sa mu a addu'a.
Juwairiyya