Minti Nawa Auta Ya Yi a Sume

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya maigidanki da yara? Ina fatan kowa lafiya. Mu ma nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Ga Auta nan na haɗa shi da direban da ke kawo mana katako, tare da wannan takarda. Na rubuta ne don bakina ba zai iya faɗa a waya ba, kuma kin san halinki na katse mutum.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ƙaninmu ya lalace. Wata biyar ke nan ina rufa masa asiri. Shekara goma sha shida muna aikin kafinta tare, mutumin da zai kalli bango ya faɗa miki faɗinsa ba tare da ya ɗauko tef ba, yanzu sai ya auna ƙofa sau uku kuma ya yanke ta a karkace. In na aike shi ya kawo ƙusa, sai ya dawo hannu rabbana ya tsaya yana kallona. In aka kunna injin yanka sai ya toshe kunne ya hau zagi. Da tsakar rana za ki same shi yana sharar barci a bayan shago.

Makon jiya wata mata ta zo da mijinta duba kujerun da suka ba mu aiki. Auta ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Wannan kujerar ba za ta ɗauke ki ba, sai an ƙara mata ƙafa biyu." Ya kuma fashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da suka tafi na tara ma'aikata, na ce kowa ya shaida, ɗan ƙwaya ba zai ƙara yi mini aiki ba ko da ciki ɗaya muka fito. Ya ɗaga mini murya, na mare shi.

Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu tun watan jiya, bayan ya zagi mahaifiyarta a tsakar gida. Surukinsa ya tambaye ni ko na san dalili, na gaya masa abin da nake zargi. Inna ba ta sani ba, kada ki gaya mata.

Ke ce ma'aikaciyar jinya. Ki sa a gwada jininsa a ga abin da yake sha, a kai shi inda ake raba su da shi. Ni dai na gaji.

Ki gaishe da mutanen gida.
Yayanki.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Takardarka ta iso, Auta ma ya iso, sai dai ya bar jakarsa a mota.

An gwada jini, an gwada fitsari, har sau biyu. Babu komai. Ko sigari ba ya sha.

Tun kwana na biyu hankalina ya ƙi kwanciya. Na ɗora girki na shiga wanka, na bar shi zaune a kicin. Ƙauri ne ya fito da ni a guje, tukunya ta ƙone ƙurmus, shi kuwa ya juya mata baya yana fere wa yara lemo. Na tambaye shi, "Ba ka ji ƙauri ba?" Ya ce wane ƙauri? Na kara masa turare a hanci, na kara masa kananzir, duk ɗaya ne a wurinsa. Na ce tun yaushe? Ya ce, "Tun da aka ce na faɗi."

Na kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya faɗa masa kalmomi biyar ya ce ya riƙe, bayan minti biyar ya tambaye shi, guda ɗaya ya kawo. Ya ba shi takarda ya ce ya zana agogo. Yaya, kafinta fa! Duk lambobin sai ya cusa su a gefe ɗaya. Ya kalli abin da ya zana, ya kife takardar, ya ce mini a hankali, "Anti, kar ki gaya wa Yaya."

An ɗauki hoton kansa. Akwai tabon rauni a gaban ƙwaƙwalwa, daidai bayan goshi. Likita ya ce wurin nan shi ne birkin mutum. Shi ke riƙe harshe, shi ke tsara wa mutum abin da zai fara yi da abin da zai biyo baya. Maganar da ya yi wa matar nan, kowa na iya ganin haka a ransa ya haɗiye. Abin haɗiyewar ne ya samu matsala.

Yanzu ga abin da likita ke son sani. Ranar da ya faɗi, ya suma? Minti nawa? Ya yi amai? Ya koma aiki? Na tuna ka kira ni a ranar, wata shida da suka wuce, ka ce ya zame daga mataki na uku na tsani, bai suma ba, yana magana garau. Ni kuma na ce a ba shi maganin ciwon kai ya huta. Likita ya ce wannan tabon bai yi kama da na mataki uku ba. Auta ba ya tuna komai daga safiyar ranar har kwana biyu bayanta. Kai ne kake wurin.

Ina jiran amsarka. Ka gaida Inna.
Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Salam. Na ga saƙonki, na gode wa Allah da ba abin da nake zargi ba ne. Maganar faɗuwa kuwa an kwana biyu, ba zan iya tuna komai daki-daki ba. Kamar dai yadda na gaya miki ne. An samo jakarsa, ga ta nan na aiko, na ƙara masa riguna biyu. Aiki ya yi mana yawa kwanan nan.

Allah ya ba shi lafiya.
Yayanki.

*

Yaya,

Salam. Riguna sun iso. Ba riguna na tambaya ba.

Ranar Alhamis za mu koma wurin likita. Akwai gurbi a fayil ɗinsa da aka bari babu komai, kuma da shi za a san irin kulawar da za a tsara masa. In ban ji daga gare ka ba zan ce a rubuta "ba a sani ba". Ni da kai mun san an sani.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Sau huɗu ina fara wannan takarda ina yagawa. Ki karanta ke kaɗai tukuna.

Ba mataki na uku ba ne. Silin muke bugawa a falon wani sabon gida, yana can ƙololuwar tsani. Tsanin nan ƙafarsa ɗaya ta tsage tun tuni, Auta da bakinsa ya ce mini sau biyu a canza shi, na ce a ɗaure da waya zai kai mu ƙarshen wata. Ni nake riƙe masa. Mai gidan ya shigo da baƙi yana nuna musu aiki, na saki tsanin na je gaishe su.

Ƙarar da kansa ya yi a kan tayil, har yau ina jin ta.

Ya suma. Na duba agogo don na rasa abin dubawa, ya kai minti goma, ko ya fi. Mai gidan ya ce a sa shi a motarsa a kai asibiti. Na ce a'a, ai ya saba, jiri ne, bai karya kumallo ba. Tsoro nake ji a ce ba mu iya aiki ba a ba wa wani sauran ɗakunan. Na yayyafa masa ruwa ya buɗe ido. Ya yi amai sau biyu a bayan gida. Yana ta tambayata, "Yaya, ina muke?" In gaya masa, can kuma ya sake tambaya. Na zaunar da shi a inuwa na awa ɗaya, sannan na miƙa masa guduma na ce ya ƙarasa gefen taga. Ya ƙarasa. Kin san Auta, bai taɓa yi mini musu ba.

Da na kira ki, na san abin da za ki ce in na faɗi gaskiya, shi ya sa na rage tsawon tsanin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Da ya fara canzawa, zuciyata ta raya mini faɗuwar nan ce. Ba sau ɗaya ba. Amma da wani ma'aikaci ya ce ko dai ƙwaya yake sha, sai na ji sanyi a raina. Na kama maganar hannu bibbiyu, don in ƙwaya ce laifinsa ne, in tsani ne nawa ne. Na kai ta har gidan surukinsa. Kuma a gefen kan nan na mare shi.

Ki gaya wa likita: minti goma, amai biyu, ya koma aiki. Ki tambaye shi ko da an kai Auta asibiti a ranar da bai zama haka ba. Kada ki sassauta mini amsar.

Ban san da wane ido zan kalle ki ba, balle shi.
Yayanki.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na daɗe ban amsa ba don fushi nake, ban so in rubuta abin da zan yi nadama. Yau sati biyar.

Na tambayi likita. Ya ce raunin a faɗuwar ya faru, zuwa asibiti ba zai goge shi ba. Amma da an kwantar da shi an sa masa ido, an hana shi aiki da hayaniya, an fara masa horon ƙwaƙwalwa tun da wuri, kuma da ba wanda ya kira shi da sunan da ba nasa ba. Ko nawa hakan zai rage, ya ce ba zai iya aunawa ba. Ka ce kada in sassauta, ban kuma ƙara gishiri ba.

Ni ma ina da nawa. Shekara ashirin ina aikin jinya, kullum ina yi wa mutane faɗa cewa duk wanda ya bugu a kai a kawo shi a duba. Ƙanina ya bugu, ina sauri zan karɓi aiki, ban ce ko a ba shi wayar in ji muryarsa ba. Da likita ya tambayi wa ya ba da shawarar maganin ciwon kai, a gaban ɗalibansa na ce ni ce.

Auta yana zuwa horo sau uku a mako. Wata malama ce ke koya masa yadda zai riƙa tafiyar da yini. Ta ba shi ɗan littafi yana rubuta komai, wayarsa tana ƙara in lokacin magani ya yi ko na hutu. Aiki ɗaya a lokaci ɗaya, in ya gama ya ja layi. In ya ji ransa na tafasa, ya tashi ya fita waje kafin ya buɗe baki. Wani lokaci yana yi, wani lokaci bakin ya riga ƙafa. Shekaranjiya ya ce wa maigidana tumbinsa ya riga shi shiga ɗaki. Maigidana ya yi dariya har da hawaye, Auta kuwa ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci. Yanzu yana gane abin da ya faɗa, amma sai bayan ya faɗa, kuma wannan kunyar ce ke cinsa. Da na gaya masa abin da ya ce wa surukarsa, yini guda bai ɗaga kai ba.

Yanzu kalmomi uku yake riƙewa cikin biyar. Ya gyara mini ƙofar kabad, ta ɗauke shi kwana biyu, amma ta zauna daram. An ce zai ci gaba da samun sauƙi sannu a hankali, sai dai kada mu sa ran tsohon Auta gaba ɗaya. Hawa sama da injin yanka babu su yanzu. Jin ƙamshi wataƙila ba zai dawo ba.

Na karanta masa takardarka. Haƙƙinsa ne.

Ba ni za ka ba haƙuri ba. Bakin da ya tara ma'aikata ya sake tara su. Ƙafar da ta je gidan surukinsa ta koma. Inna ma kai za ka gaya mata, na gaji da ce mata yana taya ni gyaran gida.

Allah ya sa mu dace.
Ƙanwarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina kwana. Ni ne Auta. Da hannuna na rubuta. Kwana uku ina yi, ka yi haƙuri da rubutun.

Matata ta zo da yara ranar Asabar. Ta ce ka je gidansu ka durƙusa a gaban babanta, ka faɗi komai, har maƙwabta na ji. Ta ce ka tara ma'aikata. Ta ce Inna ta ƙi yi maka magana. Matata ba ta ce za ta dawo ba tukuna. Ta ce za ta sake zuwa.

Zagin da na yi maka a shago, ban tuna ba, amma an gaya mini. Ka yafe mini wannan.

Maganar tsani na rubuta ta a littafina don kar in manta. Matsalar ita ce duk safiya in na karanta sai in ji kamar yau aka gaya mini, sai raina ya ɓaci sabo. Malama ta ce littafina ne, ina iya yage shafin in na ga dama. Ban yage ba. Ban san ko zan yage ba.

Ka zo ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe. Kar ka zo da yamma, kaina yana gajiya. Kar ka zo da kowa. In na faɗa maka magana marar daɗi ka jira in fita in dawo.

Ban ce na yafe ba. Ban ce ban yafe ba. Ka zo dai.

Ƙaninka.