Mai Shagon da Ya Ɗanɗana Jambaki

Daren Laraba, Madabo

Yau na ga jahilci da gemunsa. Na shiga wani shagon kayan kwalliya wajen Ƙofar Kabuga neman jambakin da babu sinadarin alkama, tunda likita ya ce da ciwon siliyak ɗin nan nawa, wanda ke sa alkama ta ɓata min ciki, ko abin da zan shafa a leɓe sai na kiyaye. Mai shagon ko juya kwalin bai yi ba, balle ya karanta. Buɗewa ya yi, ya dangwala a harshe, ya ce, "Hajiya, wallahi babu ɗanɗanon gurasa." Ya rufe, ya miƙo min! Wato in saya har da yawunsa.

Na dawo na shafa man kaɗena. Shi dai bai taɓa sa ni kwana a banɗaki ba.