Furen da Ke Cin Dawar Baba

Suleja, watan Satumba

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki da sanyin damina? Ni da matata Chizitere lafiya lau.

Na ji ƙwari sun cinye irin dawar Baba da kika adana. Ke nan wadda na shuka a gonarmu ta Izom ita kaɗai ta rage, kuma Mama, tana mutuwa. Muguwar ciyawar nan wuta-wuta ce ta kama ta. Na yi feshi, duk ciyawa ta ƙone, ita kuwa ta fito da furenta ja-ja kamar an gayyace ta biki.

Surukarki 'yar birni ce, ba ta san ta ba. Bara in tana noma sai ta kewaye ta, wai wannan ta fi ƙarfin a kira ta ciyawa. Bana har tumɓuko ta take yi ta kai coci, ta jera a gaban bagadi. Dattawa manoma sun yi dariya har da hawaye.

Na tona gindin ɗaya don in gani. Ashe saiwarta manne take da ta dawa, tana tsotso a ɓoye. Ya Baba yake yi da ita? Ina gefensa na girma, amma ban taɓa tambaya ba. Tsoro nake ji irin ya ƙare a hannuna.

Ɗanki,
Elisha

Suleja, watan Disamba

Mama,

Ina gaisuwa, da fatan kin samu sauƙi. Barnabas direba ya kawo saƙonki: a cire wuta-wutar tana fure kafin ta zubar da 'ya'ya, a ƙone, baɗi a sa gyaɗa a wurin.

Da na karanta wa Chizitere, sai ta ce ai abin da take yi ke nan duk Asabar, muna mata dariya. Ranar har matan zumuntar coci ta kwaso, suka cire ta daga gonar tas. Da wuta ta kama tulin furen, ta juya baya, ta ƙi kallo.

Mun yi girbi. Yawanci kara ne ba zangarniya. Abin da ya tsira ba zai yi tuwo ba, amma zai yi iri. Na raba biyu, rabinki yana hannun Barnabas. Ki sa shi cikin toka wannan karon.

A gaida kowa da kowa.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Elisha